Magen da Ta Haɗiye Zinariya

"Nawa ka ce?" na sake tambayar likitan dabbobi. Kuɗin tiyatar ya kai albashina na wata biyu.

Magen matata tana kwance kan tebur, tana numfashi da ƙyar.

"Mage ce fa," na ce wa matata. "Gobe in samo miki wata magen a kyauta."

Matata ta share hawaye. "Maigida, zoben zinariyar da ka saya mini ta haɗiye. Ba kai ka ce ya ninka wannan kuɗin sau uku ba?"

Zoben nan jabu ne, a bakin tasha na saye shi. In yi magana asirin shekara biyar ya tonu? Na biya.

Bayan awa biyu likita ya fito da ƙayar kifi a faranti. "Ta tsira. Wannan kaɗai muka ciro."

"To ina zoben?" na tambaya.

Matata ta zaro shi daga jaka, ta damƙa mini.

"Ga kayanka. Tun satin farko ya koɗe, na yi shiru. Yau dai ka biya kuɗinsa."