Maraƙin Ƙarshen Dangwali

Kai da kake cika mini baki wai kwamfutarku tana haɗa takardun sunaye biyu kafin a ƙifta ido, ta watsar da duk wanda bai fito a duka biyun ba, zauna ka ji.

An yi wani makiyayi da ya karɓi tatsar safe daga hannun wansa. Saniya ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa, don haka wan nasa yakan bi dangwali, igiyar nan da ake ɗaure maruƙa a jere, tun daga kai har ƙarshe, yana neman wa kowane maraƙi uwarsa. Wanda ba shi da uwa, ya lallaɓa shi ya jona wa wata saniyar. Ƙanen yana ganin wannan ɓata lokaci ne. Shi ta shanu ya fara: ya kira saniya, ya kwance ɗanta, ya tatsa, ya wuce. Kafin rana ta ɗaga ƙwarya ta cika, yana yi wa wansa dariya wai tsufa ya kama shi.

To, a ƙarshen igiyar akwai maraƙin wata gwauruwa da ta ba su amana, uwarsa maciji ya sare ta. Babu saniyar da za a kira har a kwance shi dominta. Kwana uku yana kuka, marar kunyar nan yana cewa ai duk maraƙi kuka yake yi. Ranar da ruga za ta tashi neman ciyawa, aka kwance dangwali, kowane maraƙi ya miƙe sai shi, haƙarƙari a waje, ido ya faɗa. Ƙanen ya shiga rantse-rantse cewa bai tsallake saniya ko ɗaya ba. Kuma bai yi ƙarya ba, abin haushin ke nan.

Wan ya dube shi ya ce, "Shanu ka ƙirga. Wa ya ƙirga maka marayu?"

Aka bar wa ƙanen saniya guda, aka tafi. Sai da ya yi wata cur a kufai yana ɗura wa maraƙin nono da ludayi, kafin ya iya taka ƙasa su bi sawun garke.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.