Kwamfutar da Buwa Ya Bari

A gidan su Sarmila a garin Butwal na ƙasar Nepal akwai kwamfuta, amma kalmar sirrin mai kula da ita ta gagari yara. Mahaifinsu yana aikin gini a Qatar.

Saura minti goma a fara jarrabawar neman gurbin karatu, manhajar ta ce sai an sabunta ta, kuma sai da kalmar sirri. Sarmila ta kira mahaifinta sau uku, waya a kashe.

"Aama, na shiga uku!" ta ƙwala wa mahaifiyarta kira. "Buwa ya kulle abu ya yi tafiyarsa!" Buwa suke kiran mahaifinsu.

Mahaifiyarta ta fito daga kicin tana goge hannu. "Matsa."

"Ke da ko kunna ta ba ki iya ba?"

Da yatsa ɗaya uwar ta danna haruffa, Sarmila na bin su da ido. Tikaram. Sunan mahaifinta. Sabuntawa ta kama.

"Ni na sa," in ji uwar. "Kin iya magiya, ni kuma ga tausayi. Shi ya sa na zaɓi sunansa, don wace matar kirki ce za ta faɗi sunan mijinta?"

Ranar Sarmila ta gane cewa ba daga Qatar ake mulkin gidansu ba.