Amalanken da Na Liƙe da Ƙaro

Amalanken ya kai tsakiyar kududdufi, sai na ji sanyin ruwa a tafin ƙafata.

Wata bakwai na yi a maƙerata a Gumel ina haɗa shi da tayoyin matacciyar motar gyaɗa, da gangunan kananzir, da fedar tsohon keke, don ya bi tudu ya bi ruwa. Kowace ɓula na liƙe ta da ƙaro.

A gaban rabin gari muka nutse, ni da amalanken. Na fito da laka har gemu.

A gida, matata ta miƙo mini busasshiyar riga, idonta a ƙasa.

"Maigida, ai ƙaro narkewa yake a ruwa."

"Kin sani, kika yi shiru?"

"Sau biyu na fara faɗa, ka ce aikin maza ne."