Ruwan da Ya Sauka da Faɗin Yatsa

Kawu, ka yi haƙuri da rubutun nan, ka san ban yi nisa a makaranta ba. A gaban mutane ne bakina ba ya iya buɗuwa. Wani misali na ji, kar ka tambaye ni a ina, ka dai karanta kafin a fara manna tayil ɗin nan ran Asabar.

Wai wani mutum ne uwarsa ta tsufa, ƙafa ta ƙi, har zuwa banɗakin ƙarshen gida ya zame mata tafiya. Sai ya ce zai yi mata wurin wanka a jikin ɗakinta, da shawa da tayil, taku uku ta shiga. To ɗakin nata ginin ƙasa ne tun na kakanni, siminti kawai aka shafa masa a fuska, kuma kan gadonta yana jingine da bangon da za a haɗa. Ya kira wani magini. Maginin ya yi daɓe, ya karkatar da shi wajen makwarara don kar ruwa ya kwanta, ya shafe shi da kwalta har ya haura da ita jikin bango. Da ta bushe, mai gida yana jira a buɗe kwalayen tayil, sai ya ga mutumin nan ya cusa tsumma a makwararar. Ya cika wurin da ruwa zuwa idon sawu, ya ja layi da gawayi daidai bakin ruwan. Ya ɗauko kwanon sha ya cika, shi ma ya ja masa layi, ya ajiye a gefe. Ya wanke hannunsa ya tafi gida.

Washegari ruwan daɓen ya sauka da faɗin yatsa. Mai gida ya ce, "Malam, bazara ake, zafi ne ya shanye. Manna mana kawai, tsohuwa tana jira. Ai ruwa ba ya ratsa tayil." Magini ya nuna masa kwanon, ruwansa yana nan dab da layinsa. Ya ce, "Alhaji, zafin da ya sha wancan, me ya hana shi shan wannan? Ko azumi yake a kansa? Tayil riga ce. Ta tsakanin ɗinki ruwa yake bi."

Mai gida ya ɓata rai, ya ce akwai masu aiki da yawa a gari. Magini ya aika aka karɓo masa bula a wajen matan gidan, irin wadda ake sa wa farin kaya. Ya tsuguna ya bari ruwan ya natsu tsit, sannan ya ɗiga ta a tsakiya, ya zauna yana kallo. Ya daɗe a haka, har ƙafarsa ta yi sanyi. Can sai shuɗin ya fara ja a hankali kamar zare, ya wuce makwararar bai kula ta ba, ya nufi lungun da daɓe ya haɗu da bangon tsohuwa, ya shige. Da suka kwashe ruwan suka duba, tsaga ce siririya, ko farce ba ya shiga. Magini ya sa kurfi ya fasa wurin, ya kama hannun mai gida ya tura a ramin. Ƙasar ciki ta yi laushi kamar kunu, hannun ya nutse har wuyan hannu. Ruwan kwana ɗaya ke nan. Kuma ta ɗaya gefen, daidai wurin nan, nan tsohuwa take sa kanta in za ta kwanta.

Mai gida bai ƙara maganar sauri ba. Aka bar ramin ya sha iska ya bushe, aka cike shi, magini ya zagaye lungun da siminti ya kashe masa kaifi, ya shimfiɗa ƙyalle a kai ya bi da kwalta sau biyu. Aka sake zuba ruwa, ya sake sauka kaɗan. Wannan karon tsagar a bakin bututun makwararar take. Ya sake fasawa. Maƙwabta suna dariya wai tafki ake ginawa tsohuwa, ko kifi za ta kiwata. Shi dai kullum da safe ya zo ya tsuguna, ya dubi layin daɓe, ya dubi layin kwano. Sai a zubi na uku ne, kwana uku cur, ruwan daɓe da na kwano suka tsaya kai ɗaya. Ran nan ya zare tsumman, ya buɗe kwalin farko. Tsohuwa ta yi wanka a wurin har ƙarshen ranta, bangonta ko tabo bai yi ba.

Kawu, ni ban san gini ba. Amma ni nake share ɗakin Kaka. Tun ran da aka wanke daɓen sabon banɗakinta, bangon bayan akwatinta yake da sanyi. Kwana huɗu ke nan ina taɓawa, ban gaya wa kowa ba, ina tsoron a ce na cika shisshigi. Yau da na shafa, farar ƙasar ta biyo yatsana. Na ajiye maka tsumma da kwano da gawayi a bayan ƙofar zaure, bular kuma zan nemo. In na yi kuskure, kwana uku kawai aka rasa, ka yi min faɗa yadda kake so. Amma dai Hausawa ba su yi ƙarya ba: sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.