Kifi Ɗaya, Jakadu Biyu

Kifin dai kai ɗaya gare shi, jakadu kuwa biyu ne. Abin da ya hana Tan Dehai sukuni ke nan tun ranar Litinin.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shirya liyafa a gidan saukar baƙi na lardinsu da ke bakin Rawayen Kogi a ƙasar Sin. Shi ke auna tsawon tuta, shi ke cewa wane ya zauna nan, wane ya matsa can. Kowa Lao Tan yake ce masa, wato Tsoho Tan, har waɗanda suka girme shi. Saura wata bakwai ya ajiye aiki ya koma raka jikarsa makaranta, sai ga wannan rigima ta faɗo masa.

Za a buɗe sabuwar tashar jirgin ƙasa ta dakon kaya, an kuma gayyato jakadun wasu manyan ƙasashe biyu da ba sa ga maciji da juna. Ɗaya dogo ne daga hayin teku, ɗayan mai gemu daga ƙasar ƙanƙara. Bara a wani gari Dogo ya fice daga taro don an riga zuba wa Mai Gemu shayi. A teburin liyafa kuwa, kowa ya san wanda aka juya wa kan kifi shi ne babban baƙo.

Sabon gwamna, Pang, mutumin kudu ne, watansa biyu kacal a lardin, ko miyar garin bai gama sabawa da ita ba. Amma ya iya barazana.

“Lao Tan, in ɗayansu ya tashi da fushi, akwai wani ofis a kan dutse da ya rasa mai zama,” in ji shi. “Baƙin can awaki ne, ba ruwansu da tuta.”

Tan ya ji tsoro ƙwarai. Tafiyar kwana guda ce daga dutsen nan zuwa inda jikarsa take. Ya gangara ɗakin girki wurin Geng, shugabar masu dafa abinci.

“Yaya Geng, a dafa kifi biyu mana.”

“Su tsaya auna wanda ya fi girma? Kamar ba ka san halinsu ba.”

“To a cire kan.”

“Kifi ba kai a gaban baƙo? Sai dai ka fara cire nawa. Shekara talatin kana jera manya, yau mataccen kifi ya gagare ka.”

Tan ya juya zai fita. Ya tsaya ya ba ma’aikata hanya, suna shigo da tulunan giya da ake buɗewa a kowace babbar liyafa, warinsu har yana yaji a ido. Ya daɗe yana kallon su. Daga nan ya koma ofis ya rubuta takarda biyu, magana iri ɗaya, ya ninke, ya kai wa sakataren kowane jakada da hannunsa. A jadawalin liyafa kuma ya mai da jawabin jakadu bayan kifi.

Washegari da azahar zauren ya cika da ’yan jarida. Jakadun suka zauna, ɗaya a dama da gwamna, ɗaya a hagu, ko kallon juna ba su yi. Aka ci ganye, aka ci agwagwa. Sai ga kifin nan, jajir da miya, aka ɗora shi kan faifan gilashi mai juyawa da ke tsakiyar tebur. Faifan ya ɗan zame, kan kifi ya tsaya saitin Dogo.

Gwamna ya daina taunawa. Ya harari Tan.

Dogo ya dubi kifi, kifi ya dube shi. Sai ya sa yatsa biyu ya tura faifan a hankali, har kan ya koma wajen abokin gabarsa.

“Ƙasarka ta girmi tawa a tarihi,” in ji shi, tafinta ya fassara. “Girman naka ne.”

Mai Gemu ya yi wuf ya mayar. “Haba, kai ka fi ni nisan tafiya. Ba zan shiga gabanka ba.”

Aka tura, aka dawo, aka sake turawa, miya na tangal-tangal a bakin faranti. Mutanen da suka shekara shida suna zagin juna a taron duniya, yau ga su kowa na rantsuwa ɗan’uwansa ya fi shi cancanta. ’Yan jarida har suna hawa kujera. Wani ya riga ya aika wa jaridarsa cewa ƙanƙarar gaba ta fara narkewa a bakin Rawayen Kogi.

A karo na bakwai jakadun suka haɗa ido. Suka ɗora hannu tare a kan faifan, suka juya shi, kan kifi ya tsaya cak a gaban mai masaukinsu. Zaure ya ɗauki tafi. Gwamna Pang ya miƙe, baki har kunne, ya yafito Tan.

“Lao Tan, ka manta da awaki,” ya raɗa masa. “Wai me ka rubuta musu ne?”

“Gaskiya kawai, Gwamna Pang,” in ji Tan, yana ba da hanya ga Yaya Geng da ke tahowa da faranti. “Na ce a lardin nan, duk wanda kan kifi ya kalla sai ya shanye kwano uku na giyar dawa a tsaye kafin ya yi jawabi. Ga naka nan sun iso.”