Wa da Ƙane da Gwajin Huhu

Tanimu, tunda ka ce abin da ke hannun abokin aikinka ya hana ka sakat, bari in ba ka misali da wasu 'yan'uwa biyu.

Wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya, suna aiki a wani kamfanin fasa dutse a bayan gari. Wan gajere ne, ya ba hamsin baya. Ƙanen kuwa dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure, bai kai arba'in ba. Tun suna yara wan yake ganin komai na ƙanen ya fi nasa auki, amma yana dannewa. Wata shekara kamfani ya kwashi ma'aikata zuwa asibiti a duba musu huhu, saboda ƙurar da suke shaƙa. Akan matse wa mutum hanci, ya kama bututu da baki, ya ja iska har ƙirji ya cika, ya riƙe ta kamar ƙirgen goma, sannan ya fesar. Na'ura kuma ta auna yadda iska ke ratsa huhu ta shiga jini. Wan bai yi boko ba, amma ya san lamba. Ya ga ashirin da biyu a takardarsa, ya leƙa ta ƙanen ya ga ashirin da biyar. Ba a yi mako guda ba aka ɗauke ƙanen daga bakin inji, aka ba shi kujera a inuwar bakin ƙofa yana rubuta lambar motoci. Wan kuwa aka bar shi cikin ƙura da takunkumi a hanci.

Abin ya tsaya wa wan a rai. Ko a huhun ma sai ya fi ni? Ya daina biya wa ƙanen su tafi aiki tare. In an tashi da yamma ya zo wucewa, fari fat da ƙura, ya hango shi zaune riga tsaf, sai ya kau da kai. Aka yi sunan ɗan ƙanen, ya ce kansa ke ciwo. A majalisa ba shi da zance sai yadda lamba uku kacal ta saya wa wani inuwa. Wata huɗu ana haka, ko gaisuwa a daƙile yake amsawa.

Da abin ya ishe shi, ya ɗauki takardarsa ya koma asibiti, ya ce a sake masa, na'ura ta cuce shi. Ma'aikaciyar da ke gwajin, wata dattijuwa, ta duba ta ce, "Malam, ai wannan ba gasa ba ce. Kowa da ma'auninsa. Sai an dubi tsawon mutum da shekarunsa, namiji ne ko mace, sannan a san abin da ya kamata huhunsa ya kawo. Kai naka ya cika mudu." Ya ce to ƙanensa mai ashirin da biyar fa? Ta ce ba ta buɗe wa kowa takardar wani. Sai ya miƙa hannu can sama da kansa ya nuna tsawon, ya faɗi shekarun. Matar ta ce lafiyayye mai wannan tsawo da ƙuruciya, sama da talatin ake sa rai a wurinsa.

Ya fito daga asibitin. Bai nufi gida ba, ya wuce kamfani ya tsaya daga nesa. Aka kira la'asar. Ƙanen ya tashi zai je masallaci, tafiyar da ba ta kai taku ɗari ba, amma a tsakiya ya tsaya ya dafa bango yana haki, yana waige-waige kada a gan shi. Wan ya ƙarasa ya kama masa hannu. Ƙanen ya dube shi ya ce, "Yaya, tun ranar gwajin na so in gaya maka huhuna ya taɓu, ban ga fuska ba." Wan ya tallafe shi suka taka a hankali, da kyar suka sami raka'ar ƙarshe.

Ka ji, Tanimu. Kafin ka hana idonka barci a kan rabon wani, tuna da abin da Hausawa suka ce: kallon kitse ake yi wa rogo.