Kwalin Rilaksa

Injiniya, wanda ke neman aurena, ya ajiye leda a kan teburin ofishina, ya ƙi haɗa ido da ni. Na leƙa. Kwalin rilaksa ne, man sa gashi laushi.

"Yaya ce ta aiko," ya ce. "Ta amince da maganarmu. Sai dai ranar da ɗankwalinki ya zame ta ga gashin. Wai kamar soson wanka, Malama. A gyara kafin dangi su gani."

"Kai me ka ce mata?"

Ya juya makullin motarsa a hannu. "Gashi ne fa kawai."

Na daɗe ina kallonsa. Ya san na rasa 'yata tilo, amma bai taɓa tambayar yadda jinyar ta kasance ba.

Na ce, "Da magani ya zubar wa 'yata da gashi, na aske nawa tas. Muka yi alkawarin su tsiro tare, ba mai sa wa nata komai. Da wannan nake gane inda nata zai kai yanzu da tana raye."

Ya ce, "Ko kaɗan ne a shafa, don a zauna lafiya."

Na tura masa ledar.

"Ka gaida Yaya. Ta nemo maka mai laushin kai."